Idan Misali Ya Karye: Gyaran Zane-zane a Jagorar Manhaja

Duk wanda ya koyi Hausa a aji, wanda bai tsotse ta a nono ba, ya san darajar misali. Malami zai iya kwashe awa guda yana bayanin bambancin shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu, amma abin da zai zauna a kan ɗalibi shi ne jimlar nan guda da aka rubuta a kan allo. Shi ya sa har yau ake komawa ga ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, domin ba su tsaya ga ba da ma'ana kawai ba, sun nuna kalma tana aiki a cikin magana. To, idan misalin ne kansa ya zo da kuskure fa? Gwani zai gani ya yi murmushi ya wuce. Mai koyo kuwa haddacewa zai yi, ko kuma ya ga abu ya ƙi daidaita ya ɗora wa kansa laifi, ya ce shi ne bai da ƙwaƙwalwa.

Irin wannan matsala tana nan a duniyar kwamfuta, kuma ta shafe mu ɗaliban harshe fiye da yadda muke zato. A yau da wuya a rubuta kundin digiri a kan tsarin sauti ko walwalar harshe ba tare da zanen alƙaluma ba, wato hoton da ke nuna tsawon wasali, ko yawan aukuwar wata kalma, ko hawa da saukar karin sauti. Manhajojin da ake yin waɗannan zane-zane da su suna zuwa da littafin jagora, shi kuma littafin cike yake da misalai: ga umarnin da za ka rubuta, ga hoton da zai fito. A wannan maƙala ina so in yi bayanin yadda waɗannan misalai suke lalacewa, da yadda ake gyara su, da kuma wurin da ɗalibin Hausa yake da abin cewa wanda injiniya ba shi da shi.

Manhajar da ake magana a kanta

Fitacciyar manhajar zanen alƙaluma a harshen kwamfuta na Python ita ce Matplotlib. Wani Ba'amurke mai nazarin ƙwaƙwalwa, John Hunter, shi ya fara ta, ta fito a 2003, lokacin da yake neman hanyar zana bayanan da ake samu daga masu ciwon farfaɗiya. Ya rasu a watan Agusta na 2012, amma aikin bai tsaya ba, saboda manhajar buɗaɗɗiya ce. Ma'anar haka ita ce, rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, kowa na iya karantawa, ya ɗauka kyauta, ya kuma kawo gyara. Idan aka ce in kwatanta da wani abu na gida, sai in ce aikin gayya ne: gonar kowa ce, mai fartanya ya zo, mai ruwan sha ma ya zo. Tana cikin kayan aikin da masana suka yi amfani da su wajen fitar da hoton baƙin ramin sararin samaniya a 2019, kuma ita ce dai ɗalibi a Bosso zai sauke a ƙaramar kwamfutarsa ba tare da ya biya ko kwabo ba.

A kan wannan babbar manhaja mutane da yawa suka ɗora nasu ƙananan manhajoji, kowa da fanninsa. Wadda na yi aiki da ita ta masu nazarin furuci ce, mutane ƙalilan ne ke kula da ita a lokacin da suka samu sarari, don haka ba zan ambaci sunanta ba. Na same ta ne ina cikin aikin auna wasulan Hausar Minna. Garin Minna wuri ne mai daɗin irin wannan bincike, domin idan ka tsaya a Kasuwar Kure ko a Kpakungu, za ka ji Bagwari da Banufe da Bayarabe da Bafulatani suna ciniki da Hausa, kowa da irin yadda yake jan wasali ko gajarta shi. Ni kaina Banufe ne, kuma na san wahalar da ke tsakanin gajeren wasali da dogo ga wanda ya shigo Hausa daga waje. Wani abokina da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano shi ya koya mini farkon Python. Da na buɗe jagorar ƙaramar manhajar nan, sai na tarar misalai uku daga cikin waɗanda nake buƙata ba su yin abin da aka ce za su yi, kuma kowanne da irin ciwonsa.

Misalin da ya ƙi tashi

Na farko shi ne mafi sauƙin ganewa. Ka kwafi umarnin yadda yake, ka danna, sai kwamfuta ta watso maka jan rubutu, babu hoto. Dalili a mafi yawan lokuta shi ne, an canza sunan wani abu a babbar manhajar, ƙaramar kuma ba ta bi sawu ba. Ku tuna da tsofaffin littattafan lissafi masu fam da sule da sisi. Ranar da aka buga su daidai suke, amma tun da Nijeriya ta koma naira da kwabo a ranar 1 ga Janairu, 1973, yaron da aka aika kasuwa da wannan lissafi ba zai dawo da komai ba.

Haka abin yake a nan. Manhaja tana fitowa bugu-bugu kamar littafi. A bugu na 3.0, wanda ya fito a 2018, Matplotlib ta daina aiki da tsohon Python na 2, shi kuma aka rufe babinsa gaba ɗaya a farkon 2020. A bugu na 3.6, a 2022, aka sauya wa wasu salon ado suna daga "seaborn" zuwa "seaborn-v0_8", sannan a bugu na 3.8, a 2023, tsohon sunan ya daina aiki. Ba a yin irin wannan sauyi da rana tsaka. Al'adarsu ita ce su fara da gargaɗi na tsawon bugu biyu ko fiye, cewa kalma kaza ta kusa ritaya, sannan su cire ta. Sai dai gargaɗi yana amfani ne ga wanda yake nan yana saurare. Misalin da aka rubuta aka tafi aka bari ba ya jin gargaɗi.

Wanda na tarar ya shafi kalmar "normed", wadda tun bugu na 2.1 a 2017 aka ce a bar ta a koma ga "density", daga baya aka cire ta. Misalin yana zana tsawon wasula ne a ginshiƙai, yana kwatanta rukunin masu magana biyu. A nan akwai tarko. Hanya mafi sauri ita ce ka goge kalmar da ke kawo jan rubutu, kuma da ka goge, hoto zai fito tsaf. Amma aikin wannan kalma shi ne ta daidaita ginshiƙan bisa kaso, yadda rukuni mai mutum 10 da mai mutum 40 za su tsaya a ma'auni ɗaya. Idan ka goge ta ba ka sa magajiyarta ba, ginshiƙan rukuni mai yawa za su yi sama, mai kallo ya ɗauka wani bambanci ne na harshe, alhali yawan mutanen da aka ɗauki muryarsu ne kawai. Saboda haka kafin a taɓa kalma sai an fara tambayar me take yi a jimlar, kamar dai yadda ba za ka cire "ba" ta ƙarshe a jimlar korewa don ta yi maka tsawo ba.

Misalin da ya tashi amma ya yi ƙarya

Na biyu ya fi haɗari, kuma a kansa zan fi daɗewa. Babu jan rubutu, babu gargaɗi, hoto ya fito da launinsa mai kyau, sai dai abin da yake faɗa ba gaskiya ba ne.

Duk wanda ya yi darasin ilimin furuci ya san taswirar wasula, irin wadda muke gani a littattafan Farfesa M.A.Z. Sani: /i/ a sama ta gaba, /u/ a sama ta ƙurya, /e/ da /o/ a tsakiya, /a/ kuma a ƙasa. Wannan taswira hoton matsayin harshe ne a cikin baki. Abin sha'awa shi ne, ana iya fitar da kusan irinta daga muryar da aka ɗauka. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka yi, tana auna wasu amo guda biyu a cikin kowane wasali, ana kiran su F1 da F2. Na farko yana tafiya da tsayin harshe, amma a juye: idan harshe ya yi sama, kamar a /i/ da /u/, lambar takan yi ƙasa, idan baki ya buɗe, kamar a /a/, sai ta yi sama. Na biyu kuma yana tafiya da gaba da ƙurya: wasalin gaba lambarsa babba, na ƙurya ƙarama.

To, zanen alƙaluma na yau da kullum yana fara ƙirga daga ƙasa zuwa sama, daga hagu zuwa dama. Idan aka bar shi haka, /a/ za ta hau sama, /i/ ta faɗo ƙasa ta dama. Don haka masu nazarin sauti suke juya layukan biyu, na tsaye da na kwance, domin hoton ya dace da taswirar da aka sani. Umarnin da ke wannan juyi a Matplotlib yana da wata ɗabi'a: kamar makunnin fitila yake, ka danna sau ɗaya ya juya, ka sake dannawa ya koma yadda yake. Abin da ya faru a ƙaramar manhajar nan shi ne, a wani bugu masu ita sun sa ta riƙa yin juyin da kanta don sauƙaƙa wa mutane, amma misalin da ke cikin jagora ya ci gaba da ba da umarnin juyi. Juyi biyu ya zama babu juyi. Hoton da ke kan shafin jagorar kuwa tsoho ne, an manna shi tun kafin sauyin, don haka shi daidai yake, wanda zai fito a kwamfutarka ne yake kife.

Abin lura a nan shi ne, babu na'urar da za ta kama wannan. Manyan manhajoji suna da dabarar da ke hana hoto tsufa. Tun 2017 Matplotlib take amfani da wani kayan aiki mai suna Sphinx-Gallery, wanda duk lokacin da za a sake gina jagora yake bin misalai ɗaya bayan ɗaya yana gudanar da su, ya ɗauki hoton da ya fito a lokacin ya sa a shafi. Idan wani ya ƙi tashi, sai ya yi masa tambarin cewa ya karye, masu kula su gani. Wannan ci gaba ne babba, kuma shi na ba masu ƙaramar manhajar shawarar su runguma. Amma tambayar da yake amsawa ɗaya ce tak: shin misalin ya tashi? Taswirar wasula a kife ta tashi lafiya lau. Injiniyan da bai taɓa zama a ajin furuci ba zai kalle ta ya ga ɗigo-ɗigo masu kyau. Ɗalibin aji biyu a sashenmu kuwa kallo ɗaya zai yi ya ce, yaushe /a/ ta zama wasalin sama?

Akwai wani ƙaramin al'amari da ke da alaƙa da wannan. Misalai da yawa suna amfani da lambobin da kwamfuta ke zaɓowa kara-zube, don kada a wahalar da mai koyo da neman bayanai. Illar ita ce kowane gwaji da irin hotonsa, ba ka da abin da za ka gwada naka da shi. Maganin shi ne a ba na'urar wata lamba ta farawa, wadda suke kira iri, tunda iri ɗaya amfani ɗaya yake bayarwa. Idan kun duba misalan Matplotlib za ku yi ta cin karo da lambar 19680801. Ranar haihuwar John Hunter ce, 1 ga Agusta, 1968. Abokan aikinsa suka mayar da ita hanyar tunawa da shi, kuma na ga hakan ya fi allon suna a bango.

Launi ma yana canzawa. A bugu na 2.0, a Janairun 2017, an sauya jerin launukan da manhajar ke farawa da su daga mai kama da bakan gizo zuwa wani da ake kira viridis, wanda yake tafiya daga duhu zuwa haske a jere. Ga wanda zai kai kundinsa shagon hoto-kwafi a Tunga a buga masa baƙi da fari, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a tsohon jerin, ƙaramar lamba da babbar lamba duka duhu suke fitowa a takarda.

Ƙugiyar da ta ɓace

Na uku namu ne na gida. Misalin yana nuna yadda ake sa wa zane suna, kuma da Turanci yana aiki babu matsala. Da na sa kalmomin Hausa, sai ƙ da ɗ da ɓ suka zama ƙananan akwatuna. A zanen da ke ƙirga baƙi da wasali, rasa ƙugiya ba wasa ba ne, tunda tsakanin baƙi da baki, ko ƙafa da kafa, ita kaɗai ce shamaki.

Ya kamata mu bambanta cututtuka uku da mutane ke haɗawa su kira da suna ɗaya, domin maganinsu daban-daban ne. Idan ka ga akwati, rubutunka lafiyarsa ƙalau, salon haruffan da aka zaɓa ne ba shi da hoton wannan harafi. A tsarin Unicode kowane harafi yana da lambarsa, ƙaramin ƙ misali U+0199 ne, amma ba kowane salon haruffa ne ya zana wa kowace lamba hoto ba. Idan kuwa ka ga ƙasa ta koma Æ™asa, to an adana fayil ɗin da tsarin UTF-8 ne, aka buɗe shi da wani tsohon tsari na Windows, sai harafi ɗaya ya rabe biyu. Idan kuma ka ga }asa ko ]aya, ka ci karo da gadon shekarun 1990 ne. A wancan lokaci Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ɗora haruffa masu ƙugiya a kan maɓallan baka. Sun yi wa rubutun Hausa hidima sosai a zamanin da babu wata hanya, sai dai a cikin fayil ɗin alamar baka ce ke zaune, don haka kafin a ƙirga irin wannan rubutu sai an bi an mayar da kowace alama harafinta na ainihi.

Nawa ciwon akwati ne. Ita Matplotlib tun bugu na 2.0 take zuwa da salon DejaVu Sans, wanda yake da haruffanmu duka, manya da ƙanana, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa inda mu muke rubuta 'y. Misalin ne ya ture wannan salo ya zaɓi wani don ado. Gyaran bai wuce layi ɗaya ba, domin tun bugu na 3.6 ana iya jera salon haruffa fiye da ɗaya, idan na farko ba shi da harafi a ɗauko daga na biyu. Amma ban tsaya nan ba. Na roƙi a sa kalmomi masu ƙugiya a cikin misalin kansa, ƙasa da ɗaki da ɓauna, da kuma wasali mai ɗauke da alamar tsawo da ta karin sauti a lokaci guda, irin yadda Paul Newman ya rubuta a nahawunsa na 2000. Hujjata ita ce, muddin misali da Turanci zalla aka yi shi, wannan ciwo zai iya dawowa shekara goma babu wanda ya lura. Idan kuwa ƙ tana zaune a ciki, ranar da ta koma akwati kowa zai gani. Masu Fulfulde ma sun amfana, tunda ɓ da ɗ da ƴ na cikin rubutunsu.

Yadda ake kai gyara

Rubutun irin waɗannan manhajoji yawanci a GitHub yake zaune, kuma hanyar a buɗe take ga kowa. Abin da masu kula suka fi so shi ne rahoton da ba sai sun yi ta tambaya ba: bugun Python da kake da shi, bugun manhajar, ainihin umarnin da ka rubuta, hoton da jagora ta nuna, da wanda ya fito maka. Kowane gyara a aika shi shi kaɗai. Idan ka haɗa uku a ƙunshi ɗaya, saɓani a kan ɗaya zai riƙe sauran. Turancinka ba sai ya zama na Ingila ba, hotuna biyu a jere, na kafin gyara da na bayansa, sun isa bayani, gani ya kori ji. Gyaran taswirar wasula shi ya fi ɗaukar lokaci, domin wanda ya duba shi ya so ya tabbata ba son raina ba ne, sai da na nuna masa taswirar Ƙungiyar Furuci ta Duniya, wadda ita ma /i/ take sama ta hagu.

Shawara ɗaya ga wanda zai gwada daga nan Minna: kada ka ce sai ka gina jagorar gaba ɗaya a kwamfutarka. Manyan jagorori suna da ɗaruruwan misalai, kuma duk da kirarin da ake wa jiharmu na Shiroro da Kainji, batirinka zai iya ƙarewa kafin a kai rabi. Sphinx-Gallery yana ba da damar a zaɓi misali ɗaya a gudanar da shi kaɗai.

Wanda har yanzu yake gabana shi ne Ajami. A bugu na 3.8 da na yi aiki da shi, idan ka rubuta sunan zane da haruffan Larabci, fitowa suke a rarrabe kuma daga hagu zuwa dama, sai an bi ta wasu ƙarin kayan aiki guda biyu, ɗaya ya haɗa haruffan, ɗaya ya juya su. An yi waɗannan kayan ne da Larabci da Farisanci a zuciya, ita kuwa Ajamin Hausa tana da nata alamomi, kamar ɗigon imala da ke ba da /e/. Akwai salon haruffa mai suna Alkalami da cibiyar SIL ta yi bisa rubutun hannu irin na Kano, kuma da shi nake gwaji yanzu. Abin da nake nema shi ne ɗan'uwa ko 'yar'uwa a sashen nan wanda ya yi makarantar allo sosai, ya zo ya kalli abin da ke fitowa ya gaya mini ko ɗigon yana zaune inda malami zai sa shi.